Sharar makaranta: a nemo mai saye kafin a sayi kwando

Wa alaikumus salam, Malama. Kamar yadda kika bayyana, makarantarku ta boko da islamiyya ce a cikin garin Jos, ɗalibai kusan 400, ledar fiyawota da takardu sun cika harabar, kullum da yamma mai gadi ya tara ya cinna wuta a bayan ajujuwa. Yanzu hedimasta ya ce a kawo lissafin kwandunan shara masu launi-launi a saya, kina tambaya ko da wannan ya kamata a fara.

A'a, kada a fara da kwanduna. Da su makarantu da yawa suke farawa, kafin zango ya ƙare sai a tarar da kwando huɗu a jere, kowanne da launinsa, amma abin da ke cikinsu iri ɗaya. Ba taurin kan yara ba ne. Yaro ya ware roba daban, takarda daban, da yamma ya ga mai shara ya juye duka a baro ɗaya ya kai juji ɗaya. Daga ranar ya daina wahalar da kansa, kuma da gaskiyarsa. Ware shara ba ya ɗorewa sai kowane kashi yana da inda za shi.

Ku ɗauki mako guda ku san me kuke zubarwa. Kayan aikin ba yawa: sikeli mai ƙugiya na kilo 50, tamfol, buhunan shinkafa, safar hannu ta roba mai kauri, malami ɗaya da manyan ɗalibai kamar shida. Kowace rana bayan an tashi a juye sharar a kan tamfol, a raba ta kashi biyar: ganye da ɓawo da ragowar abinci, takarda da kwali, robobin ruwa da na lemo da gwangwani, ledar fiyawota, sai tarkacen da ya rage. A auna kowane kashi a rubuta, a kuma rubuta buhu nawa ya cika, domin leda ba ta da nauyi amma ita ke cin wuri. Idan islamiyya na zama Asabar da Lahadi, a haɗa da su. Kada ki yi mamaki in kika ga ƙasa da yashi sun ɗauki kaso mai yawa na nauyin. Tsintsiya ce ke kwaso su, kuma su bai kamata ma su bar harabar ba.

Babban aikin yana wajen ruwan sha. Yi lissafi: ɗalibi 400, kowa leda ɗaya a rana, kwana biyar, leda 2,000 ke nan a mako. A zango mai mako 13 an sami 26,000. Babu kwandon da zai iya da wannan, sai dai a hana ta shigowa. Tankin roba baƙi mai lita 500 ya ishi ɗalibi 400 a rana in aka ƙiyasta wa kowa lita ɗaya. In da hali a sa mai lita 1,000 saboda ranar da famfo bai kawo ba. Baƙi ya fi fari don rana ba ta ratsa shi, gansakuka ba ta saurin fitowa. A ɗora shi a kan dakali mai tsayin mita ɗaya ko fiye, a ja bututu ɗaya mai kan famfo shida zuwa takwas. A nan ake yawan kuskure: a sa kan famfo ɗaya tal, lokacin tara yara ɗari su yi cincirindo, wanda ya gaji da layi ya koma bakin ƙofa ya sayi fiyawota. Kan famfon roba mai arha kuwa hannun yara ba ya barinsa ya yi wata biyu, don haka a sa na ƙarfe, a ajiye guda biyu a ofis saboda canji. Ƙarƙashin famfunan a haƙa rami kamar rabin mita a cika da tsakuwa, in ba haka ba wurin ya zama taɓo.

Sharaɗi ɗaya ba a wasa da shi: ruwan ya zama mai tsabta. Iyaye suna ba yara kuɗin fiyawota ne saboda tsoron amai da gudawa da taifot, kuma tsoron yana kan hanya. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa sai an sa masa maganin kulorin irin su WaterGuard daidai da awon da ke jikin robar, a bar shi minti 30 kafin a sha. A wanke tanki farkon kowane zango. Kowane yaro ya zo da gorarsa da sunansa a jiki. Kofi ɗaya ɗaure da igiya kowa na sha, wannan gara ledar da shi.

Matan da ke sayar da masa, awara da soyayyen dankali a bakin ƙofa, a zauna da su, kada a kore su. A ba kowacce buhu ta rataya kusa da ita, a roƙe su su zuba wa yaro a kularsa in ya zo da ita. Farar robar tekawe mai kumfa ita ce mafi muni, don da wuya a sami mai sayenta; jihar Legas ma ta haramta ta tun Janairun 2024. Ledar biskit da ta alawa mai ƙyalli a ciki ita ma ba ta da kasuwa, saboda roba ce da wani abu aka manne tare.

Daga nan sai mai saye. A nemi dilan kayan jari-bola mai wurin zama sananne, ba duk mai tura baro da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. A tambaye shi dalla-dalla: me yake karɓa, kilo nawa ne mafi ƙaranci da zai zo ya ɗauka, wa ke biyan kuɗin Keke, da sikelin wa za a auna, a cire murfi ko a bari, a taka robar ko a bar ta. Amsarsa ita za ta faɗa muku kashi nawa za ku raba sharar, ba zanen da ke cikin littafi ba. Robar ruwa da ta lemo, mai lamba 1 a cikin alamar kusurwa uku a gindinta, ita ta fi samun kasuwa, kuma fara tas ta fi koriya ko ruwan ƙasa daraja, don haka kada a gauraya. Murfin wata roba ce daban, shi ya sa wasu ke so a ware shi. Ƙananan robobi kamar 40 zuwa 60 ke yin kilo ɗaya, gwangwanin lemo na alminiyam kuwa wajen 70, amma kuɗin kilonsa ya ninka na roba. A gwada da maganaɗisu: wanda ya kama, kamar gwangwanin madara da na tumatir, ƙarfe ne, buhunsa daban. Ledar fiyawota sai an tsaga ta, an kakkaɓe, an shanya, domin mai ruwa a ciki wari take yi, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, mai saye kuma ya zaftare nauyi. Akwai masu sayen robobi ɗai-ɗai da murfinsu don zuba man ja, sabulun ruwa, zoɓo ko kunun aya, kuma sun fi biya. A ganina a ba masu sabulu. Robar da ta kwana a juji bai dace makaranta ta mayar da ita bakin mutane ba.

Ki gaya wa hedimasta tun yanzu cewa kuɗin da za a samu ba mai yawa ba ne. Zai sayi tsintsiya, safar hannu da kan famfo, ba zai gina aji ba. Duk da haka a buɗe masa littafi: kwanan wata, kilo, kuɗi, sa hannun mutum biyu, a karanta a taron iyaye da malamai. 'Yan kuɗi kaɗan da ba a rubuta ba sun isa su raba kan ma'aikata.

Wajen ajiya, mai walda zai haɗa keji na ƙarfe da ragar waya, tsayi mita ɗaya da rabi, faɗi mita ɗaya, da ƙofa mai kwaɗo a ƙasa, da rami a sama mai faɗin santimita 10 wanda roba kaɗai ke shiga. Yara suna ganin abin da ke ciki, ruwa kuma ba ya kwanciya. Takarda ita ke son kulawa, musamman da ruwan Yuli da Agusta na Jos: a ɗaure ta dami-dami, a ɗora a kan katako da ya ɗaga daga ƙasa, a ƙarƙashin rufi. Wadda ta jiƙe ta tashi aiki, wadda ta daɗe kuma gara da ɓeraye sun samu. Kada kaya su wuce wata guda a ajiye.

Takardar ma akwai abin lura guda biyu. Duk mai ɗauke da aya, hadisi ko sunan Allah ba ta shiga buhun sayarwa. A ajiye mata akwati na musamman a kowane aji, malaman islamiyya su ƙona ta ko su binne ta a wuri mai tsarki kamar yadda aka saba. Takardun jarrabawa masu sunayen yara da makinsu kuwa a yayyaga su tukuna, in ba so ake uba ya tsinci sakamakon ɗansa an naɗe masa ƙosai a ciki ba. A ƙarshen shekara a bi tsofaffin littattafan rubutu a ciro shafukan da ba a taɓa ba, a ɗinke su ashirin-ashirin da zare, an sami littafin gwajin lissafi kyauta.

Ganye da ragowar abinci, waɗanda su ne mafi nauyi, taki za su zama, kuma a Jos ba a rasa mai so: 'yan lambun da ke noman kabeji, karas da latas sun daɗe suna amfani da tokar juji da takin gari. A zaɓi inuwa nesa da rijiya da ajujuwa. Tulin ya kai mita ɗaya tsayi, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsawo. Ƙasa da haka ba ya riƙe zafi, balle da sanyin Disamba da Janairu. A fara shimfiɗa kara ko ƙananan rassa don iska ta shiga ta ƙasa. Sai bokiti uku na busasshen abu, wato ganye, ciyawa, yagaggen kwali ko garin katako daga kasuwar Katako, a bi da bokiti ɗaya na ɗanye: ɓawon lemo, ayaba, dankali, ragowar shinkafa da wake. A barbaɗa shebur ɗaya na kashin kaji ko na awaki, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya kai tsayi. Kullum busasshe ne a sama, shi ke hana ƙuda. Nama, kifi, ƙashi da miya mai maiƙo ba sa shiga, ɓeraye da karnuka suke kira. Ganyen itacen turare yana da jinkirin ruɓewa, a sa kaɗan. Toka ma kaɗan.

Awon ruwan a hannu yake: a damƙi takin a matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. A soka sandar ƙarfe a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa biyar in an zaro ta a ji ta da zafi, domin tuli mai kyau yana kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A juya shi duk kwana bakwai zuwa goma, na gefe ya koma tsakiya. In ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan: a juya a ƙara busasshen ganye. In warin fitsari yake, ɗanye da kashin kaji sun yi yawa. In tururuwa ta cika shi kuma ba zafi, ya bushe, abin da hunturu ke yi masa cikin kwana biyu in ba a rufe da buhu ba. Da damina kuma a rufe da tamfol kada ruwa ya wanke shi. Wata biyu zuwa uku ya nuna: baƙi, mai ƙamshin ƙasa, ba a gane abin da aka zuba. A yi tuli biyu, ɗaya na nuna ɗaya na karɓar sabo.

Akwai abubuwan da hannun yaro ba ya taɓawa: fasasshiyar kwalba, reza, allura, batir, da dogon ƙwan lantarki, wanda ke da sinadarin makuri mai guba a ciki. Wannan aikin babba ne, da bokiti mai murfi a ofis. Banɗakin 'yan mata a sa masa nasa bokitin mai murfi saboda audugar mata, don ita ce ke toshe masai. Wutar yamma kuwa a daina ta. Hayaƙin roba guba ne, yana tayar da asma, kuma da iskar hunturu tartsatsi ɗaya ya isa. Abin da ya rage bayan duk wannan, wanda zai ragu ƙwarai, a tuntuɓi hukumar tsabtace muhalli ta jihar Filato, PEPSA, a ji inda za a kai da ranar kwasa. Kada a tura shi kwata; duk wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a unguwannin Rikkos da Gangare na Jos ya san abin da ruwa ke yi in hanyarsa ta toshe.

Masu shara da mai gadi su za a fara zama da su, tun kafin ɗalibai, a kuma yanka musu kaso bayyananne daga kuɗin, don aiki aka ƙara musu. Gasar "ajin da ya fi kawo robobi" kuwa ku guje ta: yara za su bazama jujin unguwa da hannu tsirara, wasu ma su ƙara shan lemo don su ci gasa. A ba da kyautar ga ajin da sharar sa ta fi ƙanƙanta kuma ba ta gauraya ba, a duba ba zato sau ɗaya a mako.

Sai yanzu aka zo kan kwanduna, kuma za ki ga ba sai masu tsada ba. Kowane aji kwalin indomi ɗaya na takarda, bokiti ɗaya na sauran tarkace, da akwatin takardun ayoyi. A fili, wuri biyu ko uku inda yara ke cin abinci, a ajiye rabin duro da aka huda gindinsa, a ɗaura samfurin abin da ake so a jikin kowanne da waya, roba ɗaya, leda ɗaya, don 'yan aji ɗaya ba su iya karatu ba tukuna. Lissafin da za ki kai ofis ya fara da sikeli da safar hannu, sai tanki da famfuna, sai keji, duro a ƙarshe. Kafin dogon hutu kuma a sayar da duk abin da ke keji, a zubar da ruwan tanki, a juya taki a rufe shi, a bar wa mai gadi amanar duba shi sau ɗaya a mako.