Rigar ruwa marar zif a ruwan sanyi: ta dace?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rigar ruwa marar zif, wato rigar roba mai kama jiki da ake shiga ruwa da ita don kare sanyi, za ta yi maka hawan igiyar teku a kan allo a ruwan da sanyinsa ya kai digiri 10 a ma'aunin Celsius. Za ta yi, amma fara duba kaurin robar kafin maganar zif. A irin wannan sanyi 5/4 ake nema, wato milimita 5 a ƙirji da baya, 4 a hannuwa don su motsa. Ka haɗa da hula da takalmin roba. Mai 4/3 sai ruwa ya ɗan sassauta.

Amfanin rashin zif a kafaɗa za ka ji shi. Zif ba ya miƙewa, cire shi kuwa na sa hannu ya sake idan kana tuƙa allo, ga kuma ƙarancin kafar da ruwa zai kutso.

Matsalar ita ce shiga da fita. Ta kafar wuyan rigar za ka zura jikinka gaba ɗaya, kuma bayan awa biyu a ruwa, yatsu sun ƙage, fitar da kafaɗar farko aiki ne ja. Ni leda nake sa wa ƙafa, sai ta zame sumul. Idan kana da ciwon kafaɗa ko faɗin ƙirji, gara mai zif a ƙirji.

Lallai ka gwada kafin ka saya. In ta yi sako-sako a wuya ko ƙugu, ruwa zai riƙa kwarara ciki. Juya ta ka ga ɗinkin: wanda ake so shi ne wanda yake a manne da gam, kuma allura ba ta huda robar ta fita ba.