Ma'aikatan Ɗakin Karatu Sun Yi Sanyi, Ina Gyaran Yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke shugabantar ɗakin karatu na wata babbar makaranta a nan Maradi, da ma'aikata huɗu. Ba sa fashin aiki, amma jikinsu ya yi sanyi. Kwalayen sababbin littattafai sun yi wata 3 a jibge, kuma ko ƙarin kwana biyu ɗalibi yake so a kan aro sai an jira ni. Albashi ba a hannuna yake ba. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ciwon yana cikin kalmarka ta "sai an jira ni". Wanda ba a bar masa yanke komi ba, zaman jiran tashi kawai yake yi.

Fara da sauya rabon aiki. Idan wannan ke buga hatimi, wancan ya sa lamba, na uku ya jera, babu mai cewa "kantata ce". Raba musu fanni-fanni bisa tsarin Dewey, mai ba littattafai lamba gwargwadon fanninsu: ɗaya ya riƙe 630, wato noma, ɗaya 610, likitanci, ɗaya sauran kimiyya a 500, na huɗu aro da kundayen kammala karatu. Mai fanni shi zai zauna da malaman sashen ya tsara abin da za a saya, ya shigar da littafi, ya jera, ya kakkaɓe ƙurar hunturu, ya duba bayan kanta ko gara ta fara gini.

Sannan ka ba kowa sunansa da kalmar sirrinsa a manhajar da kuke amfani da ita, PMB ce ko Koha, tare da izinin sabunta aro. Kalmar sirri guda da duka suke amfani da ita tana ɓoye mai kuskure, tana kuma ɓoye mai ƙoƙari, kuma na biyun ya fi ciwo.

Abu ɗaya ne ba a sakin wa kowa linzaminsa: ƙa'idar lamba. Littafin noman gero, idan wani ya sa shi a 633.1 wani ya kai kwafinsa 631, ɗalibi zai rantse babu shi alhali yana kan kanta. Ku rubuta ƙa'idar tare a takarda guda, lambar Dewey da haruffa 3 na farkon sunan marubuci, a liƙa ta kusa da kwamfuta.

Wajen auna aiki, kada ka ƙirga yawan littattafai kaɗai, don za a yi gaggawa a tsallake kalmomin bincike. Duk Alhamis ka zaro 10 daga abin da kowa ya shigar, ku duba tare, shi ya gyara da hannunsa.

Kuma ka kusantar da su ga masu karatu. Jami'o'in Nijar na iya rajista kyauta a Research4Life, dandalin intanet na mujallun bincike, inda sashen AGORA ke da mujallun noma, sashen Hinari na lafiya. Bari mai 630 ya riƙa koyar da ɗalibai 10 zuwa 15 bincike a ciki, awa ɗaya a mako, da sunansa a jikin sanarwar.