Sabon filin golf ko IBB: wanne ne gaba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sabon filin golf da aka buɗe a wajenku ya sha gaban na IBB da ke Abuja, tunda wasu har sun ɗora shi a sama. Ni dai a ganina an yi gaggawa. Filin da bai ga damina biyu da rani biyu ba, ban yarda a ba shi matsayi ba tukuna.

Dalili shi ne ciyawa. A watannin farko ko'ina kore shar, amma saiwa ba ta kama ƙasa ba. Bari ruwan Agusta ya sauka ka ga inda yake kwanciya, magudanan na janye shi ko 'yan wasa na tafiya cikin caɓi. Sannan hunturu ya zo, a ga ko rijiyoyin burtsatse za su iya shayar da ciyawar duk ramuka 18 na filin har Maris. Kewayen rami, inda ake gangara ƙwallo, shi ke fara tona asiri: ya yi tauri, ko ya yi faci-faci.

IBB tun 1991 ake buga shi, itatuwansa sun girma, masu ɗaukar wa 'yan wasa jaka sun san kowace gangara. Mu nan Jos, filin golf na Rayfield tun 1913 yake. Kuma tsayin Filato, kusan mita 1,200, yana sa ƙwallo ta ƙara nisa, don haka tsawon fili a takarda ba ya gaya maka wahalarsa.

Ka buga sabon a Janairu, ka koma a Agusta, da ƙafa ba a mota ba, sannan mu yi magana.