Amsa kan hoton Fab da neuraminidase da aka turo jiya

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce me ya haɗa hoton nan da maganin mura, amma na gane inda kika dosa: ko antibodi, furotin ɗin da jiki ke yi don yaƙar cuta, toshe ramin da enzayim ɗin neuraminidase ke aiki da shi yake yi kamar maganin mura Tamiflu. To, ba kullum ba.

Neuraminidase dai almakashin ƙwayar cutar mura ce, ita ke datse sinadarin sayalik da ke riƙe sabbin ƙwayoyi a jikin sel, su samu su fice. Shi kuma antibodi cikakke lanƙwasa yake ta yi, da ƙyar yake zama kiristal, kuma sai da kiristal ake ganin siffarsa da hasken eksire. Shi ya sa ake yanka shi da papain, enzayim na gwanda, wallahi gwandar nan da muke sha, a ɗauki hannu ɗaya, shi ne Fab. Rodney Porter ya nuna wannan tun 1959.

Hoton naku aikin su Peter Colman ne a Melbourne, 1987, Fab mai suna NC41 manne da N9, wani nau'in neuraminidase. N9 ɗin nan kuwa Graeme Laver ya samo ta daga tsuntsayen teku a tsibiran Ostireliya. Abin da hasken eksire ya nuna, Fab bai shiga ramin ba sam, a bakinsa ya zauna ta gefe. Zamansa a nan ke tare hanya, babban abu ba ya isa ramin. Idan ƙwayar ta canja amino asid ɗaya, wato tubalin furotin ɗaya, a gefen, shi ke nan ta kuɓuce. Sai a 2019 aka bayyana wani antibodi, 1G01, daga jinin wani mai mura nau'in H3N2, antibodi mai dogon madauki da ke kutsawa cikin ramin kansa, inda ƙwayar ba ta iya canjawa yadda take so.

Abin da ke ƙona min rai kenan. Tun 1983 aka san siffar enzayim ɗin nan, daga ita aka ƙera maganin mura Relenza, aka amince da shi 1999. Amma har yau allurar mura hemagglutinin, ɗaya furotin ɗin da ke jikin ƙwayar, ake aunawa, neuraminidase ko oho! Murar tsuntsayen da ta ɓulla a Jaji 2006, H5N1, wannan N1 ɗin ai neuraminidase ce. Ki sake duba hoton, ki nemi ramin a tsakiya, za ki ga Fab yana gefe.