Tambaya da Amsa: Katin RAID na Gwanjo da Batun Direba

Tambaya: Na sayi tsohuwar babbar kwamfuta ta gwanjo domin ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai a makarantarmu, kuma a cikinta akwai katin RAID mai haɗa faifan ajiya huɗu. Mai sayarwa ya tabbatar mini cewa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, tana gane katin. Shin hakan ya wadatar, ko akwai abin da ya kamata in bincika kafin in zuba bayanai? Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Malam, ganewa kaɗai ba ta wadatar ba. Direba, wato ƙaramar manhajar da ke shiga tsakanin katin da babbar manhaja, tana iya ba ka damar karantawa da rubutawa alhali ba ta sanar da kai halin da faifan ke ciki ba. Katin yana nuna wa kwamfuta faifan huɗu tamkar guda ɗaya, don haka idan ɗaya ya mutu aiki zai ci gaba lafiya lau, kai kuma ba za ka sani ba sai ranar da na biyu ya bi shi. Abin tambaya shi ne ko kamfanin ya bayyana yadda ake duba lafiyar katin, ko kuwa ya riƙe sirrin a hannunsa.

Wannan takaddama ta daɗe. A shekarar 2005 masu haɗa OpenBSD, wata babbar manhaja irin Linux, ƙarƙashin Theo de Raadt, suka kashe direban katunan kamfanin Adaptec a manhajarsu bayan kamfanin ya ƙi ba su takardun bayanin katin, domin sun ga ba za su iya gyara kurakuran abin da ba su san cikinsa ba. A shekarar ce kuma suka fito da manhajar bioctl, wadda ta fara da katunan MegaRAID na kamfanin LSI, ta ba mai kwamfuta damar ganin faifan da ya lalace ba tare da manhajar kamfani ba. A Linux lamarin rabi da rabi ne: direbobi irin su megaraid_sas da aacraid a buɗe suke, kowa na iya duba cikinsu, amma manhajojin sarrafawa, storcli da arcconf, a rufe suke, sai yadda kamfani ya ga dama.

Su kamfanonin ma sun sha sauya hannu. Avago ya sayi LSI a 2014, daga baya ya koma amsa sunan Broadcom, harkar katunan Adaptec kuma ta bi ta PMC-Sierra da Microsemi kafin ta isa hannun Microchip a 2018. Tsohon kati ba ya cikin abin da ke gaban sabon mai kamfani. Hatta Red Hat, mai fitar da wani nau'in Linux, ta janye tallafin katunan SAS2008 na LSI a fitowarta ta 8, duk da yawansu a kasuwar gwanjo.

Ka buga umarnin lspci -nn domin ganin ainihin wanda ya ƙera katin, saboda sunan da ke jiki yakan ɓoye asali. Yawancin katunan PERC na Dell, alal misali, na LSI ne. A sakamakon umarnin, lambar 1000 tana nufin LSI, 9005 kuma Adaptec. Sannan ka duba batirin katin. A nan inda ake ɗauke wuta ba sallama, batirin ne ke riƙe bayanan da katin ya karɓa amma bai kai ga rubutawa ba, na gwanjo kuwa sau da yawa ya riga ya mutu.

A ra'ayina, makaranta ba ta buƙatar wannan kasada. Idan katin yana yarda ya miƙa kowane faifai kai tsaye ga babbar manhaja, ka saita shi haka, ka haɗa faifan da mdadm ko ZFS, manhajojin da ke yin aikin RAID a madadin katin. Da wannan tsari, ko katin ya ƙone, kana iya ɗaukar faifan zuwa wata kwamfuta mai Linux ka karanta su, ba sai ka shiga kasuwa neman kati irinsa ba. Kafin ka zuba sakamakon ɗalibai, ka zare faifai ɗaya da gangan ka ga ko saƙon gargaɗi zai iso gare ka, kuma ka riƙa kwafe bayanan a wani faifai na daban duk mako.