Shin Salahuddin ne ya kori 'yan Salibiyya daga Sham?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun muna yara ake gaya mana cewa Salahuddin Ayyubi ne ya kawo ƙarshen yaƙin Salibiyya. To sai na ji wani yana cewa an yi shekara ɗari bayansa ana gwabzawa. Wanne ne gaskiya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutumin nan da ka ji bai yi kure ba. Salahuddin ya karya lagon Turawa a Hiɗɗin a 1187, ya karɓe Ƙudus a shekarar, amma bai raba su da bakin teku ba. Birnin Akka ma ya kuɓuce masa a 1191, shi kuma ya rasu a Dimashƙa a 1193. Bayansa har wani ɗan ɗan'uwansa, Sarki Al-Kamil, ya miƙa wa Turawa Ƙudus ta hanyar sulhu a 1229, sai a 1244 ta sake fita hannunsu.

Waɗanda suka ƙarasa aikin su ne Mamluk, wato bayin sarki da ake sayowa tun suna yara daga yankin arewacin Bahar Aswad, a musuluntar da su, a koya musu hawan doki da harbin baka. A 1250 suka kama Sarkin Faransa Luwis na tara a Masar, a shekarar kuma suka ture iyayen gidansu suka hau gadon mulki. A 1260 suka fatattaki Mongol a Ainu Jalut. Abin mamaki, Turawan Akka da kansu suka ba su hanya suka wuce ta ƙasarsu zuwa wannan yaƙin, don tsoron Mongol ya fi damunsu a lokacin.

A ganina, idan ana neman mutum ɗaya da za a ce shi ya tumɓuke 'yan Salibiyya, to Baibars ne, sarkin Mamluk wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277. Ba shi da sassaucin Salahuddin ko kaɗan, shi ya sa ma ba a yawan yi wa yara labarinsa. Ya ci Ƙaisariyya da Arsuf a 1265, Safad a 1266, Yafa da Antakiya a 1268. Dabararsa ita ce duk garin bakin teku da ya ci sai ya rushe ganuwarsa, don kada jiragen Turawa su sake samun wurin sauka. Ƙalawun, wani sarkin Mamluk da ya zo bayansa, ya ɗora, ya ci Tarabulus ta Sham a 1289.

Akka ce ta rage. A 1290 wasu sababbin mayaƙa da suka zo daga Italiya suka far wa fatake Musulmi a cikin birnin suka karkashe su, alhali akwai yarjejeniyar zaman lafiya. Ƙalawun ya ɗaura ɗamarar yaƙi, sai ajali ya riske shi, ɗansa Al-Ashraf Halil ya gaje shi. A farkon Afrilun 1291 ya kewaye birnin. Masanin tarihin nan Abul Fida yana cikin rundunar, yana saurayi. Ya ba da labarin wata ƙatuwar majaujawar jifan ganuwa da suka jawo gunduwa-gunduwa a kan amalanke ɗari, cikin ruwa da sanyin hunturu, shanu na mutuwa a hanya. Ranar Juma'a 18 ga Mayu aka keta ganuwar. Mayaƙan Tamfila, wata ƙungiyar 'yan Salibiyya, suka maƙale a hasumiyarsu ta bakin ruwa kwana goma, daga baya ita ma ta rufta.

Kafin watan Agusta ya ƙare, Sur da Saida da Bairut duk sun faɗi kusan ba faɗa. Ɗan tsibirin Arwad kaɗai ya saura, shi ma aka karɓe shi bayan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu.