Ka tambaye ni injin da ya fi, to zauna ka ji

Ka ce a cikin injinan goge fenti wanne ya fi, mai juyawa kai tsaye ko mai rawar nan da kake gani a waya, kuma wane soso da wane mai za ka haɗa masa. Ka kamo maganar daga wutsiya, yaro. Kafin ka tambayi inji, tambayi fentin da ke gabanka nawa ya rage a jikinsa.

Ɓawon saman nan mai sheƙi da muke ce wa kiliya, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsa bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, kusan rabin kaurin takardar rubutu ke nan. Duk gogen da kake yi, cin wannan ɓawon kake yi har ya sauko daidai da zurfin karcen. Abin da ka ci kuwa ya tafi har abada. Ni da babur ɗina na sayi wannan ilimin.

Wani dillalin motoci ne ya kawo mini baƙar jif da ya ɗauko daga Kwatano, lokacin ban daɗe da buɗe garejina ba. Ya ce mai saye na zuwa jibi, yana so ta yi ƙyalli kamar madubi. Na shafa bonet da tafin hannu, na ji santsin ya yi yawa, raina bai kwanta ba. Na ce masa, Alhaji, an taɓa gurzar motar nan? Ya dafa ƙirji ya rantse ko ruwa ba a taɓa zuba mata da ƙarfi ba. Mutum mai furfura, da carbi a hannu. Na yarda.

Na ɗaura soson gashin tunkiya a kan mai juyawa, na sa man gurza mai ƙarfi, na kama aiki yadda na saba. Ƙofofi suka fito lafiya. Ina isa kan tudun nan da ya ratsa tsakiyar bonet, ban fi numfashi biyu a wurin ba, sai na ga wani tabo dushi-dushi kamar girman kwabo. Na juyo gashin, ya yi baƙi. Kai ma ka san idan launin mota mai kiliya ya hau soso, an gama, ka huda. Wallahi gumin da ya keto mini ranar ba na zafin rana ba ne.

Ban ɓoye ba, na kira shi na nuna masa. Ya yi ta salati yana tara mini jama'a. Na fesa bonet da kuɗina. Ya dawo ya ce baƙin bai zo ɗaya da na gefe ba, sai an fesa gaban motar duka. Na fesa. Ya ce farashinta ya faɗi tunda yanzu ba fentin kamfani ba ne, ya hana ni ko sisin aikina, ya kuma bi majalisa yana cewa na lalata masa dukiya. Babur ɗin da nake kai yara makaranta da shi na sayar na biya bashin fenti. Bayan wata uku direbansa ya zo gyara, shi ya faɗa mini cewa sau biyu aka bi motar da samfefa aka goge kafin ta iso hannuna, kuma a gaban dillalin aka yi. Ya sani sarai. Har yau idan na tuna rantsuwar nan, raina ɓaci yake.

Shi ya sa kake ganin 'yar na'urar auna kaurin fenti a aljihuna kullum. Idan ta nuna maikiron 100 zuwa 150, galibi fentin kamfani ne. Ta haura 300, an sake fesawa ko akwai foti, abin cike lotsawa, a ƙasa. Ta yi ƙasa da 80, ka ja hannunka. Amma duka fentin take aunawa, ba kiliya kaɗai ba, kuma irin tamu ba ta karanta bambar roba.

Yanzu injinka. Mai juyawa, irin Makita ɗin da nake riƙewa, yana juyawa sau 600 zuwa 3000 a minti, a wuri ɗaya yake murzawa, yana ci da sauri yana tara zafi. A hannun gwani babu kamarsa wajen share sawun samfefa mai lamba 1500 ko 2000. A hannunka kuwa wuta ne. Mai rawa yana juyawa yana karkaɗawa, irin Rupes ta Italiya mai zagayen milimita 15 ko 21. Idan ka danne shi ko ka karkata, juyawar ta tsaya, don haka da wuya ya ƙona, kuma ba ya barin zanen nan mai walƙiya da ke fitowa a baƙar mota idan ta shiga rana. Ya fi jinkiri, shi ke nan laifinsa. Ku yaran yanzu jinkirin ne ba ku so. Mutum ya kalli bidiyo uku a TikTok, gobe yana son a kira shi oga.

Soso kuma kada ka haddace launi, kowane kamfani da nasa tsarin. Matsa shi da yatsa. Gashin tunkiya ya fi ci, soso mai tauri na bi masa, mai laushi na gamawa ne. Mai ma haka: Farecla G3 ko Menzerna 400 ko Meguiar's M105 na gurza, M205 da ire-irensa na fito da sheƙi. Ka fara da mafi sauƙi a ɗan fili kamar faɗin tafi biyu, idan bai cire ba ka ƙara. Karcen da farcenka ya maƙale a ciki, bar shi, ya wuce aikin inji. Idan ka gama, ka share wurin da sifirit da aka sirka da ruwa ka haska fitila, domin akwai man da cike karce kawai yake yi, wanki biyu ya dawo da shi, mai mota ya dawo maka da zagi.

Wanke mota da sauran su ba zan ɓata bakina a kai ba. Abu ɗaya dai, a hunturun nan kada in ga ka ajiye soso a buɗe. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ciki, ita za ta zane maka ƙofa gaba ɗaya.

Gobe da safe ka jawo tsohon bonet ɗin da ke bayan shago. Zan ba ka mai juyawa, ka tsaya a gefensa har ka huda shi da hannunka, ka taɓa wurin ka ji zafinsa. Motar mutane kuwa, mai rawa za ka riƙe, kuma sai ina tsaye.